Kwali na Arba'in da Ɗaya

Shekaru sun ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin da abin ya faru, don haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Wasu maganganun ina jin su a kunnena har yanzu, wasu kuwa ina zargin ni na cike gurbinsu daga baya. Ko shekarar ma ina kokwanto. Abin da na tabbata shi ne bayan Girka ta ɗauki kofin Turai ne, domin na tuna yadda ake tsokanar mutumin da zan ba da labarinsa, ana tambayarsa ina rabonsa na kofin.

A lokacin ina akawu a wani ofishin kago a unguwar Al Ras ta Dubai, a wani lungu da ƙamshin kanumfari da busasshen lemun tsami ba ya barinsa. Na gama jami'a a gida, na yi hidimar ƙasa, na zauna shekara biyu babu aiki, sai wani kawuna ya samo mini biza. Fatake daga Kano sukan sayo kaya su kawo sitonmu, mu tara har a cika kwantena, ta bi ruwa zuwa Kwatano, daga can mota ta kai ta Kano. Ni nake rubuta takardun. Saboda ina karanta kowace takarda sau uku kafin in sa hannu, fatake suka sa mini Mai Digiri, kuma ba yabo ba ne.

Sito yana hannun wani mutumin Damagaram wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Malamin makaranta ne a can gida kafin ya zo Dubai, shi ya sa nake ce masa Malam. Ya san kowane kwali a siton nan kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Ranar Juma'a da sassafe, kafin rana ta yi zafi, mukan buga ƙwallo a wani filin yashi a unguwar Abu Hail: 'yan Kano, 'yan Nijar, da duk wanda ya zo da takalmi. Wata safiya wani dogon Bature ya tsaya a bakin fili yana kallonmu, hannuwansa a aljihu. Da aka zura mana ƙwallo ta uku sai ya kama kansa da hannu biyu, ya shigo fili ba wanda ya gayyace shi, ya kama kafaɗata ya matsar da ni taku huɗu zuwa hagu. Ya ce da Turanci in daina kallon ƙwallo, in kalli mutumin da ke bayana. Daga ranar ya zama namu. Muka sa masa Lamba Biyar, yadda ake kiran mai tsaron baya na tsakiya a gida.

Sai a hankali muka san ko wane ne. Haifaffen Girka ne, ya yi shekara goma sha shida ƙwallo ce sana'arsa, kuma wata ƙungiya ta ƙasar da muke zaune a lokacin ce ta ƙarshe da ya buga wa kafin gwiwarsa ta hagu ta ƙi. Ba shahararre ba ne. Ko a cikin masu bin ƙwallon Turai a cikinmu babu wanda ya taɓa jin sunansa, shi ma bai taɓa nuna ya kamata mu ji ba. Ba ya gudu a filinmu, sai dai ya tsaya a baya yana ihu, amma daga zuwansa 'yan gaban ɗaya ɓangaren suka fara ƙorafin satar gida.

Da kwantiraginsa ya ƙare, ƙungiyar ta karɓe gidan da ta ba shi, ya koma wani ɗaki a unguwar Al Satwa da yake rabawa da mutum biyu. Wata rana ya zo ofishinmu da tasi, ɗauke da kwali ɗaya. Ya ce babu wuri a ɗakin, kuma danshi yana cin bango. Ko zan ajiye masa na wata biyu ko uku? Ya buɗe ya nuna mini: riguna ne na ƙwallo a ninke, a ƙasansu kuma wani gwangwanin biskit. Ya ce duk rayuwarsa ke nan, ya yi dariya. Na karɓa, na ce amana ce.

A nan na yi kuskuren. Kowane kwali a sito yana da alama: haruffan mai kaya da lambar kwalin, da baƙin alƙalamin maka, misali na bakwai cikin arba'in. Na zauna na yi tunani irin na wanda ya yi boko. Na ce a raina, abin da aka sa wa alama shi ake lodawa, saboda haka in na bar kwalin babu alama, ba ya cikin takardata, ba wanda zai taɓa shi. Na kai shi can kusurwa da hannuna, na jingina shi da wani tarin kaya. Ina jin na gaya wa Malam, amma ba ni da tabbas. Wataƙila na yi niyyar gaya masa ne kawai.

Abin da ban sani ba, duk da na fi shekara a wurin, shi ne ƙa'idar sito akasin tunanina take. Fatake sukan aiko da kaya a ƙurarren lokaci, mai tura amalanke ya sauke ya tafi, babu alama. Don haka a wurin masu lodi, kwalin da ba shi da alama na tarin da ya jingina da shi ne. Ba a rubuce take ba, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya wa akawu.

Bayan kamar wata guda Lamba Biyar ya same ni bayan wasa, fuskarsa a sake. Ya ce wata makarantar koyar da ƙwallo ta yi masa alkawarin aiki, da biza, in ya shiga kwas ɗin masu horarwa. Sharaɗin shiga kwas ɗin shi ne ya kawo shaidar shekarun da ya buga: katunan rajista da takardun kwantiragi, na asali. Duk suna cikin gwangwanin biskit. Za a rufe karɓa nan da wata biyu, amma gara ya kai da wuri. Na ce gobe zan kawo masa har Satwa.

Washegari na shiga sito, kusurwar fayau, har an share.

"Malam, ina kwalin da ke nan?"

"Wane kwali, ƙanena?"

"Wanda ba alama. Na jingina shi a nan."

"A, na Hajiya! Ai na gyara mata. Na ɗan yaga gefe na ga rigunan ƙwallo, na ce wannan nata ne, an manta. Na sa masa buhu, na ɗaure, na rubuta. Ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Ina kaya suke tafiya, Mai Digiri? Yau kwana tara jirgi ya tashi. Se fini, magana ta ƙare."

Hajiyar da yake nufi wata 'yar kasuwa ce ta Kano, wadda ba ta sayen komai sai rigunan ƙwallo da takalman wasa, katan-katan. Da tarin kayanta na jingina kwalin, cikin duk tarin da ke siton. Na zauna a kan wani buhun shinkafa. Da na yi wa Malam bayani sai ya cire hularsa ya shafa kai, ya ce, "Kai da ka yi jami'a, ka taɓa ganin an bar akuya a kasuwa babu igiya don kada a sace ta?"

Kwana uku ban gaya wa mutumin ba. Na farko na ce masa aiki ya yi yawa, na biyu na ƙi ɗaga waya. Ina jin kunyar wannan fiye da kuskuren kansa. A rana ta uku da la'asar na hau bas zuwa Satwa, na same shi a wani shagon shayi kusa da layin teloli. Na shirya jawabi mai tsawo a hanya, amma da na zauna sai na faɗa a jimla biyu.

Ya daɗe yana juya kofin shayinsa. Sannan ya tambaye ni ko za a iya tsayar da jirgin a wata tasha. Na ce a iya sanina ba a yi. Ya ce ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ya buga wa ta rushe tun tuni, babu ofis, babu wanda zai rubuta wa ya nemi wata takarda, kuma shekara huɗu ya yi a can. In babu waɗannan huɗun, lissafin shekarunsa bai kai ba. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Da zan tashi ya ce, "Ni ban taɓa bugawa a Afirka ba. Ga shi rigunana sun samu ƙungiya kafin ni."

Na sayi katin waya na kira Hajiya a Kano.

"Kwali arba'in na saya, Mai Digiri, arba'in nake jira. Wane irin ƙari kuma?"

"Hajiya, kuskure aka yi. Ajiyar wani Bature ce ta shiga cikin naku."

"Aka yi ko ka yi?"

"Na yi, Hajiya."

"Yauwa. To ya kake so in gane shi? Duk buhu iri ɗaya, alama iri ɗaya. Ka san ranar da kaya suka sauka mutanen Agadas da na Chadi suna tsaye a bakin sito, a ɗaure suke ɗauka. Ko so kake in zauna ina farke kwali arba'in saboda Bature?"

Malam, wanda yake tsaye yana saurare, ya karɓe wayar daga hannuna. Ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce tun da ya riga ya rubuta wa sauran lambobinsu cikin arba'in, da ya zo kan wannan bai goge komai ba, sai ya rubuta arba'in da ɗaya cikin arba'in. Ya ce ta nemi wanda lambarsa ta fi jimla. Na ji dariyarta daga inda nake. Ta ce in Allah ya kawo kaya lafiya za ta duba, amma ba ta yi alkawarin tana wurin ba, don tana da biki a Gusau a tsakanin.

Makonnin da suka biyo baya ba ni da abin faɗi mai yawa a kansu. Kullum ina kiran wakilinmu na Kwatano, har ya fara cewa in na sake kira zai jefa wayar a teku. Jirgi ya iso, kwantena ta yi kwanaki a tasha, ta fito, mota ta lalace a wani gari da ban san sunansa ba. Ran Juma'a na ci gaba da zuwa fili don kada a ce na gudu. Lamba Biyar bai taɓa tambayata a gaban mutane ba. Yakan kalle ni kawai, in girgiza kai, ya juya ya ci gaba da yi wa masu tsaron baya ihu. Na rame, har fatake suna tambaya ko zazzaɓi nake yi.

Saura kwana goma sha ɗaya a rufe karɓa, in ban yi kuskure ba, Hajiya ta kira da kanta. Ta ce ba ta je bikin ba, ta tura ƙanwarta. Kwali yana ɗakinta. Na fara godiya sai ta katse ni.

"Dakata. Tsintuwa ce a hannuna. Ba na ba da tsintuwa sai mai ita ya faɗi abin da ke ciki. Ka nemo shi."

"Hajiya, ai ni na karɓi ajiyar, na san…"

"Kai da ka jefa ta a teku? Nemo mini mai kaya."

Ya zo ofis bayan azahar, gumi ya jiƙa rigarsa. Na sa wayar a tsakiyar tebur na buɗe murya. Shi yana Turanci, ita tana Hausa, ni ina tsakiya, Malam kuma ya jingina da ƙofa. A haka na ji tarihinsa gaba ɗaya karo na farko, riga bayan riga.

Ya ce akwai koriya, ƙarama, wadda aka ɗinka lambarta da hannu. Ta ƙungiyar garinsu ce, wani ƙaramin gari a arewacin Girka inda ake noman taba. Mahaifiyarsa ce ta ɗinka lambar, yana da shekara goma sha takwas.

"Ga ta," in ji Hajiya. "Ka ce masa uwarsa ta iya ɗinki."

Akwai fara mai ratsin ja, ta wata babbar ƙungiya a babban birni, wadda ta saye shi ta ajiye shi a benci shekara biyu.

"Shi ya sa take sabuwa fil. Ci gaba."

Akwai shuɗiya mai dogon hannu, ta ƙungiyar rukuni na biyu a wata ƙasa mai sanyi a Turai, inda ya yi shekara huɗu, ya zama kyaftin, kuma ita ce ta rushe. Akwai rawaya guda biyu daga Kubrus. Akwai wadda ba tasa ba, wani ɗan gaba ne ya ba shi bayan wasa, mutumin da ya fasa masa gira da gwiwar hannu. Sai ta ƙarshe, ta ƙasar da muke zaune.

Hajiya ta ce in tambaye shi ƙwallo nawa ya ci a duk wannan yawon. Ya ɗaga yatsu uku, sannan ya ce in faɗa mata gaskiya: ɗaya a ragarsu ya zura.

"Shekara goma sha shida, ƙwallo uku, ɗaya ma a gidanku? To me kake yi a filin, bawan Allah?"

"Hana wasu ci," ya ce.

"Haka maƙwabcina na kasuwa yake," in ji ta. Malam ya fashe da dariya har ya riƙe ƙofa.

Daga nan ya kwatanta gwangwanin: ja ne, murfinsa ya lotsa a gefe, katuna tara a ciki ɗaure da roba, da takardu a cikin leda. Muka ji ƙarar murfi. Ta ƙirga a fili, ɗaya bayan ɗaya, har tara. Ta ce a hoton farko gashinsa kamar na mace. Lamba Biyar ya kifa goshinsa a kan teburina, ya daɗe bai ɗago ba.

Da a nan wayar ta ƙare, da babu sauran abin da zai dame ni. Amma Hajiya ta ƙara da cewa in gaya masa kada ya damu da rigunan, ta sa an wanke su duka an goge, don warin ajiya suke yi, ba za ta mayar wa baƙo kaya da datti ba. Ta ƙarshen ce ma ta ba su wahala. Wasu marasa tarbiyya sun bi ta da alƙalamin maka sun yi rubuce-rubuce gaba da baya, sai da aka jiƙa ta kwana biyu da bilic kafin ya fita, amma yanzu tas.

Na san mene ne wannan rubutun, don na gani ranar da ya buɗe kwalin. Abokan wasansa ne suka sa hannu a ranar da ya yi sallama da ƙwallo. Na kalli Malam, Malam ya kalli silin. Na yi tunanin in fassara rabin maganar kawai. Amma na riga na ɓoye masa gaskiya sau ɗaya, na ga yadda ta kasance, don haka na faɗa masa duka.

Ya tambaya, "Duka?" Na ce ta ce tas. Ya shafa haɓarsa, ya kalli titi ta taga, inda masu amalanke suke wucewa. Can ya ce in gode mata, in ce mata babu wanda ya wanke masa riga da hannu tun mahaifiyarsa. Na fassara. Hajiya ta ce ba komai, ai baƙo ɗan gida ne. Bayan an kashe waya ya ce mana rabin waɗanda suka sa hannun ma ba sa ba shi ƙwallo. Mun yi dariya, amma ban tabbata har zuciyarsa ya faɗa ba, kuma ban sake tayar da zancen ba.

Gwangwanin bai bi ruwa ba. Hajiya ta ba wani bafatake da zai taso a jirgin sama cikin makon, ta ce masa in ya sa shi a jakar da ake aunawa ba ta yafe ba, a hannu zai riƙe. Na je filin jirgi tun kafin lokaci na tsaya. Mutumin ya fito da shi a cikin leda baƙa, an naɗe da tsohon zane, an rubuta a jiki da manyan haruffa: NA BATURE, KADA A BA MAI DIGIRI SAI A GABAN SHAIDA. Sai da ya kira Malam a waya ya shaida kafin ya sakar mini.

Daga filin jirgi Satwa na wuce kai tsaye, gwangwanin a kan cinyata, hannuwana biyu a kai. Ya buɗe a gabana ya ƙirga, ya rufe. Washegari ya kai takardun, saura kwana huɗu ko biyar. An karɓa. Na tuna na koma ɗaki ranar na ci abinci kwano biyu, abin da na yi wata biyu ban yi ba.

Rigunan sun iso daga baya, suna ƙamshin turaren wuta. Ya shiga kwas, ya samu aikin, ya ci gaba da zuwa Abu Hail har lokacin da aka kewaye filin za a yi gini. Bayan nan muka rage haɗuwa, ni kuma na koma gida. Na ji an ce ya koma Girka yana horar da wata ƙaramar ƙungiya, amma daga bakin mutum ɗaya na ji, ban tabbatar ba.

Waɗanda suka buga a filin nan, ko suka zauna a siton, da yawansu suna raye, wasu a Kano, wasu a Damagaram, wasu har yanzu a unguwar Deira ta Dubai. In wani ya karanta ya ga na kauce, ko a kalar riga, ko a yawan kwanaki, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ina roƙo ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Musamman Malam, wanda na ji yana cewa ya tambaye ni na wane ne kwalin kafin ya rubuta, na amsa masa ba tare da na ɗago daga takarda ba. Ni ban tuna haka ba, amma ba zan ce bai faru ba.